Jam'iyya ba alƙibla ba ce

'Yan'uwa Musulmi, mu ji tsoron Allah kan abin da siyasa take yi wa zumuncinmu. Akwai gidajen da wa da ƙane ba sa ga maciji tun zaɓen 2015, akwai wanda ya daina bin liman sallah saboda ya ji inda ya jefa ƙuri'arsa. A kan me?

Ku tuna. A watan Nuwamba na 2013 gwamnoni biyar suka fice daga PDP suka shiga APC, cikinsu har da na Kano da Sakkwato da Adamawa. A 2018 wasu manyan da suka yi waccan ƙaura suka koma inda suka fito. Kwankwaso, tsohon gwamnan Kano, ya koma PDP, daga baya a 2022 ya shiga NNPP. Sashe na 68 na tsarin mulkin 1999 ya ce ɗan majalisar da ya sauya sheƙa zai rasa kujerarsa sai dai idan jam'iyyarsa ta dare, amma sau nawa kuka ga kujerar ta kuɓuce? Su suna shiga suna fita, suna haɗuwa a ɗaurin auren 'ya'yansu suna musabaha. Kai kuwa ka yanke ɗan'uwanka na jini saboda hula da tuta, alhali Allah Ya yi gargaɗi mai tsanani kan yanke zumunci. Bayan zaɓen 2011 mutane fiye da 800 suka rasa rayukansu a Arewa. Wace jam'iyya ce za ta tsaya gaban Allah ta amsa tambayar wannan jinin a madadin wanda ya zubar da shi?

Ƙuri'arka shaida ce. Idan ka dangwala, ka shaida ne cewa wannan mutumin zai riƙe amanar asibiti da makaranta da tsaron ƙauye. In ka san maci amana ne ka zaɓe shi don taliya da sabulu ko 'yar dubu biyu, ka yi shaidar zur, kuma Manzon Allah (SAW) ya lissafa ta cikin manyan zunubai. Sauya jam'iyyarsa ba zai wanke shi ba, kai ma ba zai wanke ka ba.

Don haka ku binciki mutum kafin tuta: me ya yi da kujerar da aka taɓa ba shi, wa ya zalunta, wane alkawari ya cika. Wanda kuma yake gaba da ɗan'uwansa kan siyasa, kada ya bari Juma'a mai zuwa ta riske shi bai taka ƙafa ya je gidansa ya yi masa sallama ba.