Teku a Cikin Dutsen Malbaza: Tafakkuri Kan Farkon Rayuwa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, Al-Hayyu, Al-Ƙayyum. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Duk wanda ya bi hanyar Birnin Ƙonni zuwa Malbaza ya san masana'antar siminti da farin dutsen da ake haƙa mata. Wanda ya duƙa ya duba dutsen nan da kyau zai ga ɓawon katantanwa da sauran halittun teku sun daskare a cikinsa, alhali teku mafi kusa yana nesa da fiye da kilomita 700. Masana ilimin ƙasa sun ce kimanin shekaru miliyan 60 da suka wuce, teku ne ya rufe wannan yanki har zuwa Kalambaina ta Sakkwato. Inda ake noman gero yau, kifi ya yi iyo jiya.

Wannan dubawa umarni ce. A Suratul Ankabut, aya ta 20, Allah Ya umarci bayinSa su yi tafiya a bayan ƙasa su ga yadda Ya fara halitta. A Suratul Anbiya, aya ta 30, Ya sanar cewa daga ruwa Ya yi duk wani abu mai rai.

Masana sun bi sawu iyakar iyawarsu. Sun gano alamun ƙananan halittu masu shekaru kusan biliyan 3.5 a duwatsun Ostireliya. A 1953, Stanley Miller na jami'ar Chicago ya wallafa gwajin da ya haɗa ruwa da wasu nau'o'in iska da tartsatsin lantarki, ya samu wasu daga tubalan da ake gina jikin mai rai da su. Amma tubali ba gida ba ne. Tun 2021 na'urar Perseverance take binciken busasshen tafki a duniyar Mars, har yau ba a tabbatar da rai a can ba.

A nan ɗalibai da yawa suke zamewa. Wani ya ji wannan a jami'a sai ya raina wuridinsa. Wani kuma ya jingina imaninsa ga abin da masana suka kasa, wanda in suka iya gobe, imanin ya rushe. Dukansu sun tsaya ga sababi sun manta da Mai sababi. Ko da an haɗa ƙwayar rai a ɗakin gwaji, wa ya halicci ruwan, da ƙa'idar, da hankalin mai gwajin? In kuma aka samu masu rai a wata duniya, Ubangijinsu ɗaya da namu, domin Shi ne Rabbul Alamina.

Saboda haka muridi ya riƙe littafinsa da carbinsa tare. Tambayar da ta fi kusa da shi ita ce: Wanda Ya busar da tekun Malbaza, me zai tarar a zuciyar bawanSa, ruwan zikiri ko ɓawon da rai ya bari?

Allah Ya raya zukatanmu da ambatonSa, albarkar Annabi SAW. Amin.