Gola da ƙaddara

A rumfunan shayi na Garwa, da zarar wasa ya kai ga bugun fenariti, kalmar da ake ji ita ce "sai Allah". To in haka ne, me kocin masu tsaron raga yake koyarwa?

Alioum Boukar, haifaffen Kusiri a 1972, shi ya fi cancanta a yi wa wannan tambaya. Ya tsare wa Canon ta Yawunde raga, ya yi shekaru a Samsunspor ta Turkiyya, daga baya ya koma horar da gololin tawagar Kamaru. Kofin Afirka biyu da ya ɗaga, duka da fenariti aka raba gardama.

A wasan ƙarshe da Najeriya a Legas, a 2000, ya tare bugun Nwankwo Kanu. Wannan aikin hannunsa ne. Amma bugun Victor Ikpeba ya wuce shi, ƙwallon ta daki ƙarfen sama, ta sauka bayan layi, ta dawo waje. Alƙalin wasa ɗan Tunisiya, Mourad Daami, ya ce ba ta shiga ba. Ikpeba da kansa ya ɗora hannuwa a ka. Babu horon da zai ba gola irin wannan rabo, kuma har yau 'yan Najeriya ba su haɗiye zancen ba.

Bamako 2002 kuwa wani labari ne. Wasa shida Kamaru ta buga ba a zura mata ko ɗaya ba, sannan Alioum ya tare bugun ƙarshe na kyaftin ɗin Senegal, Aliou Cissé. Mai kiran wannan sa'a zalla bai taɓa ganin gola yana faɗuwa a busasshiyar ƙasa da sassafe ba, gwiwa duk sun sale.

Malamai sun daɗe da warware wannan. Tawakkali ba ya soke riƙo da sababi. Hadisin mai raƙumi da aka umarta ya ɗaure dabbarsa kafin ya dogara ga Allah sananne ne. Tsohon gola da ya zama koci yana rayuwa a kan wannan gaɓar: yana koya wa yaro karanta ƙafar mai bugu da tsayuwar ƙugunsa, alhali ya san wata ƙwallon ba a hannun kowa take ba.

Inda 'yan kallo ke kauce wa adalci shi ne wajen rabon laifi. A filin Roumdé Adjia na Garwa, ran 23 ga Janairun 2022, Tunisiya ta fitar da Najeriya da ci ɗaya. 'Yan gaba sun kasa cin ko ɗaya, aka ce ba rabo. Gola Maduka Okoye da ƙwallon Youssef Msakni ta kufce wa, shi aka yi wa ruwan zagi. Wanda ya yarda da ƙaddara ga mai lamba 9, ba shi da hujjar hana mai lamba 1.