Hanya Ta Buɗe, Amma Haƙƙin Wa Ke Kanta?



Lokacin da aka buɗe zirga-zirga tsakanin jihohi ranar 1 ga Yuli, 2020, maganar da ke yawo a majalisun matasanmu ita ce a haɗa kuɗi, a ɗauki shatar mota, a tafi Gurara a kafa tanti a bakin ruwa. A lokacin damina ce, kogi ya cika, kuma wanda ya sha kullen korona tun 30 ga Maris ba a ganin laifinsa in ya yi marmarin shan iska. Abin tambaya shi ne: da gwamnati ta janye doka, nauyin da ke wuyanmu ma ya sauka?

A shekara ta 18 bayan Hijira annobar Amwas ta auka wa Sham. Sayyidina Umar ya kai har Sarg, da ya ji labari sai ya yi shawara ya juya. Abdurrahman bin Auf ya ƙarfafa shi da koyarwar Manzon Allah (SAW), wadda ta hana shiga ƙasar annoba, ta kuma hana na ciki fita don gudu. Daga baya Amru bin As ya umarci jama'a su watse cikin duwatsu, Allah ya kawo sauƙi. Ke nan sarari da bakin ruwa ba su da laifi. Amma a lura, watsewa suka yi don rage cuɗanya, ba su kwashi cutar zuwa garuruwan wasu ba.

To mu fa? Kafin ka isa Gurara sai ka bi Zuba, ka wuce Suleja da mahaɗar Dikko. Za ka sha mai, ka sayi masara gasasshiya, ka ɗauki butar masallacin bakin titi. Likitoci sun ce mutum na iya ɗauke da cutar nan bai ji ko ciwon kai ba, alamunta kuma kan kai kwana 14 ba su bayyana ba. Baiwar Allah mai tallar masara neman abin sawa a baki ya fito da ita, kai kuwa nishaɗi. In ta kwanta, wa zai biya mata kuɗin magani?

Wani zai ce, ai Malam ku ma kullum kuna kasuwar Zuba. Gaskiya ne. Sai dai ciyar da iyali wajibi ne, shaƙatawa kuwa halas ce kawai, ba a ɗora su a sikeli ɗaya. Mu 'yan kasuwa mun san haramun ne ɓoye aibin kaya. Wannan aibin ko mai shi bai gani, don haka taka-tsantsan ya fi zama dole.

Ban ce kada a je ba. In za a je, a tafi 'yan kaɗan, 'yan gida ɗaya. A riƙe guzuri, ruwa, buta da darduma. A sa takunkumi duk inda aka tsaya. Mai tari ko zazzaɓi ya haƙura. A kafa tanti nesa da gaɓa, don ruwan damina kan taso cikin dare. In an dawo, a jinkirta shiga ɗakin tsofaffi.

Gurara na nan baɗi in da rai. Allah ya yaye mana wannan annoba, amin.