Shekarun Duwatsu da Iyakar Abin da Musulmi Zai Faɗa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya kafa duwatsu a kanta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, akwai wata fitina da take shiga gidajen Musulmi ba tare da an lura da ita ba. Yaro ya tafi jami'a ya karanta ilmin duwatsu, malamansa sun koya masa cewa ƙasa ta yi shekara miliyan 4,500 da 'yan kai. Ya komo hutu ya zauna wurin karatu a zaure, sai ya ji an ce dukan rayuwar duniya shekara 7,000 ce, wanda ya ce ba haka ba kuwa ya ƙaryata addini. Yaron nan ba zai yi musu da dattijo ba, domin yana da ladabi, amma zai tashi da zaton lalle sai ya zaɓi ɗaya, ko imaninsa ko abin da ya gani an auna. Wannan zato kuskure ne, kuma wanda ya jefa shi cikinsa yana da nasa rabon alhaki.

Alƙur'ani mai girma bai ambaci yawan shekarun ƙasa ba. Ya faɗi cewa an halicci sammai da ƙasa cikin kwana shida, kamar yadda ya zo a Suratul A'arafi aya ta 54, amma bai ce kwanakin irin na mutane ba ne, balle ma a Suratul Hajji aya ta 47 an kwatanta yini guda a wurin Ubangiji da shekara dubu, a Suratul Ma'ariji aya ta 4 kuma an ambaci wani yini mai tsawon shekara dubu hamsin. Zancen shekara 7,000 ya shigo ne ta hanyar ruwayoyi, irin waɗanda Imamu Ɗabari, wanda ya rasu a shekara ta 310 bayan Hijira, ya tara a farkon littafinsa na tarihi, kuma da yawansu suna da asali daga labaran Ma'abota Littafi. Ibn Hazam na Andalus, wanda ya rasu a shekara ta 456 bayan Hijira, ya tsaya tsayin daka cewa Musulmi ba su da wani adadi tabbatacce game da shekarun duniya, kuma babu abin da ya inganta daga Manzon Allah a kan haka. Ashe ke nan wanda ya riƙe adadin 7,000 a matsayin aƙida, ya ɗora wa addini kayan da ba nasa ba.

Abin da Alƙur'ani ya yi kuwa shi ne umurni da dubawa. A Suratul Ankabuti aya ta 20 an umurci mutane su yi tafiya cikin ƙasa su duba yadda aka soma halitta. Malaman farko sun ɗauki wannan da gaske. Albairuni ya dubi tsakuwa da yashin filayen Hindu, ya ga manyan duwatsu kusa da tsaunuka, ƙanana nesa da su, yashi kuma a bakin teku, sai ya ce filayen nan da can teku ne, koguna suka cike shi. Ibn Sina ma ya yi bayanin samuwar tsaunuka, ya nuna aikin yana bukatar zamani mai tsawon gaske. Abin da ba su da shi kawai shi ne ma'auni.

To, yaya ake auna shekarun dutse? Akwai irin dutsen da asalinsa narkakke ne a cikin ƙasa, sa'an nan ya huce ya daskare. Yayin da yake hucewa, wasu 'yan ƙwayoyi masu tauri da ake kira zarkon suna fitowa a cikinsa, galibinsu ba su fi ƙwayar yashi ba. Ƙwayar zarkon tana karɓar ma'adinin yuraniyam, watau irin wanda ake haƙa a Arlit ta ƙasar Nijar, amma ba ta karɓar dalma. Shi kuwa yuraniyam Allah ya sanya masa ɗabi'ar juyewa a hankali ya zama dalma, bisa ƙa'idar da zafi ko nauyin da ke cikin ƙasa ba su gaggauta ta. Saboda haka dalmar da aka tarar a cikin ƙwayar, daga baya ta taru. Misalinsa kamar rumbu ne da aka cika da gero aka liƙe, ƙwari suna cin rabin abin da ya rage a kowane ƙayyadadden lokaci. Wanda ya buɗe ya auna geron da ya saura da garin da ya zuba, zai iya sanin tun yaushe aka liƙe rumbun.

Wani abin lura shi ne yuraniyam iri biyu ne a cikin ƙwayar. Ɗaya rabinsa yana juyewa cikin shekara miliyan 4,468, ɗayan kuma cikin shekara miliyan 704, kowanne da irin dalmar da yake haifarwa. Ke nan shaidu biyu ne a cikin ƙwaya guda. In maganarsu ta zo ɗaya sai a karɓa. In suka saɓa, an san wani abu ya taɓa ƙwayar daga baya, dalma ta zurare, sai a yi hattara da shaidar. Almajirin da ya san yadda alƙali yake tantance shaidu, ko yadda malaman hadisi suke gwada ruwaya da ruwaya, ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Da irin wannan awo na dalma, a kan duwatsun da suka faɗo daga sama, wani masani Ba'amurke mai suna Clair Patterson ya bayyana a 1956 cewa ƙasa ta yi shekara miliyan 4,550, kuma awon da aka yi ta maimaitawa tun daga nan bai kauce da nisa ba. A Arewa maso Yammacin Kanada, a bakin kogin Acasta, akwai dutse mai ratsin fari da baƙi wanda aka auna a 1999 aka sami shekara miliyan 4,030. A tuddan Jack Hills na Yammacin Ostareliya an tsinci ƙwayar zarkon da ba ta kai rabin milimita ba, aka ba da labarinta a 2001 cewa ta kai kimanin shekara miliyan 4,400. Dutsen da ya haife ta ya ƙare ƙurmus, ita kaɗai ta tsira a cikin wani dutsen yashi na baya. Ba ma sai an ƙetare teku ba, domin a shekarar nan ta 2001 aka buga awon wani dutse na Kaduna da ya haura shekara miliyan 3,500. Duwatsu irin su Kufena na Zariya yara ne a kansa, shekarunsu wajen miliyan 600.

Dalilin wannan wahala duka shi ne neman sanin yadda tudun da mutane suke zaune a kai ya samu. Ɓawon ƙasa iri biyu ne. Na ƙarƙashin teku baƙi ne mai nauyi, kaurinsa kamar kilomita 7, kuma ba ya daɗewa, domin yana nutsewa ya koma cikin ƙasa, har da wuya a sami wanda ya wuce shekara miliyan 200 a manyan tekuna. Na nahiyoyi kuwa kaurinsa wajen kilomita 35 ne, ya fi sauƙin nauyi, shi ya sa yake zama a sama. Masana sun ce yana samuwa ne in baƙin dutsen nan ya sake narkewa tare da ruwa, sashensa marar nauyi ya taso ya daskare, kamar yadda mai yake tasowa a kan nono in an kaɗa. Ƙwayoyin Jack Hills ma suna ɗauke da alamar cewa akwai ruwa a bayan ƙasa tun wancan zamani.

A nan ne masanan suka rabu. Stephen Moorbath na Jami'ar Oxford, wanda ya auna tsofaffin duwatsun Girinlan a farkon shekarun 1970, yana ganin nahiyoyi sun yi ta ƙaruwa ne mataki-mataki. Richard Armstrong kuwa ya ce tun da wuri suka kai kusan girmansu na yanzu, abin da ake samu sabo daidai yake da abin da ke komawa ciki. Har yanzu ba a rufe wannan muhawara ba, saboda shaidun farkon zamani kaɗan ne suka rage. Suratul Kahfi aya ta 51 ta riga ta tunatar cewa Allah bai halartar da su halittar sammai da ƙasa ba. Mai awo alamu yake bi, kamar mai bin sawu, wani sawun a fili yake, wani kuma iska ta share shi.

Wannan ya kawo zance ga kuskure na biyu, wanda ya fi yawa a wurin 'yan boko masu kishin addini. Sukan ɗauki adadin da masana suka fitar su liƙa wa aya. Alal misali, an ji masu cewa tun da Suratu Fussilat aya ta 9 ta ambaci halittar ƙasa cikin kwana biyu, biyu kuwa sulusin shida ne, kuma shekarun ƙasa sulusin shekara miliyan 13,800 ne da ake ba sararin samaniya, to an sami mu'ujiza. Niyyar mai kyau ce, amma ayar tana zancen tsawon lokacin halitta ne, ba shekarun da ƙasa ta yi ba. Ban da haka, adadi yakan canza. A 1862 Lord Kelvin, babban masanin Birtaniya, ya ƙiyasta shekarun ƙasa tsakanin miliyan 20 da miliyan 400, daga baya ya rage zuwa tsakanin 20 da 40, sai gano sirrin yuraniyam da aka soma a 1896 ya kai ga rushe lissafinsa. Da wani mai wa'azi na zamaninsa ya ɗaura aya a kan adadin Kelvin, da me zai gaya wa almajiransa bayan lissafin ya faɗi? Suratul Isra'i aya ta 36 ta hana bin abin da babu ilmi a kansa, hanin kuwa ya hau kan mai ƙaryata awon da bai san yadda aka yi shi ba, ya kuma hau kan mai fassara aya da abin da ba ta faɗa ba.

Yaron da ya komo daga jami'a yana da hakki a kan malamin zaure, ya gaya masa gaskiya cewa adadin 7,000 ba aya ba ne, kuma shekarun dutse daban suke da zancen lokacin saukowar Annabi Adamu, wanda ƙwayar zarkon ba ta da ta cewa a kansa. Shi ma yaron akwai hakki a kansa, ya bambance wa mutane abin da aka auna aka maimaita, kamar shekarun dutsen Acasta, da abin da ake gardama a kai, kamar saurin girman nahiyoyi. In malamin ya buɗe Suratu Faɗir, zai tarar aya ta 27 tana jan hankali ga ratsin fari da ja da baƙi ƙirin a jikin duwatsu, aya ta 28 kuma tana danganta tsoron Allah ga masu ilmi. Zai iya karanta wa yaron tafsirinsu, shi kuma yaron ya kawo ɓallin dutsen Kaduna ya nuna masa ratsin.