Galabat: Tuta Takan Sauya, Maƙwabci Yana Nan

Galabat ƙaramin gari ne a iyakar Sudan da Habasha. Mahajjata daga yamma suka kafa shi, tun kafin Hausawa su zauna a Maiwurno. An yi zamanin da mutanensa suke biya wa Habasha da Masar haraji gaba ɗaya. A 1889 Sarki Yohanis na Habasha ya mutu nan wajen yaƙi da mutanen Mahadi. Yarjejeniyar 1902 ta bar Galabat a Sudan, Matamma kuwa a Habasha. A 1940 Italiya ta ci garin, ba ta daɗe ba.

To, wa talaka zai riƙe wa amana? Mai mulki yana da hakkin haraji da biyayya, amma yakan tafi. Maƙwabci na ƙetaren rafi yana nan kullum. Wanda ya ƙi maƙwabcinsa saboda tuta, ran da tuta ta sauya, da wane ido zai dube shi?