Wai Shin "Yi Haƙuri" Magani Ne?

A wani ƙauye da ke kusa da Ɗanzomo, cikin Ƙaramar Hukumar Sule Tankarkar, na san wani yaro wanda shi ne farkon wanda ya taka jami'a a zuriyar su. Mahaifin sa sai da ya kai sa guda kasuwar Maigatari ya sayar kafin a haɗa masa kuɗin rajista. Tun kafin ya tafi 'yan garin su ka fara kiran sa "Injiniya".

A shekarar sa ta biyu ya faɗi darussa biyu, aka ce sai ya maimaita. Bai gaya wa kowa ba. Barci ya ƙaurace masa, abinci ya fita ran sa, ya daina shiga aji. Da ya dawo gida hutu sai aka ga yaro ya rame, ya na yini a ɗaki shi kaɗai. Wasu su ka ce sammu ne, wasu su ka ce iska, wasu kuma su ka ce boko ne ya taɓa masa kai. Kowa ya shigo sai ya dafa shi ya ce, "Yi haƙuri, ai kai namiji ne." Babu wanda ya zauna ya tambaye shi abin da ke damun sa.

Tambayar da na ke so mu duba ita ce: idan mu ka ce wa mai ƙuncin zuciya ya yi haƙuri mu ka tashi, shin taimakon sa mu ka yi, ko kuwa kan mu mu ka sauke wa nauyi?

Ba na raina haƙuri, domin shi ne maganin zaman duniya. To amma mai karatu, ka lura da wani abu. Idan ɗalibi ya kwanta da zazzaɓin cizon sauro, ba wanda zai ce masa raunin imani ne. Addu'a za a yi masa, kuma a kai shi asibiti. Idan ciwon na zuciya ne da tunani, sai a ce shagwaɓa ce ko rashin tawakkali. Alhali likitoci sun tabbatar ciwon damuwa cuta ce kamar sauran cututtuka, ta na da alamomi, kuma ana warkewa. Tunda addu'a ba ta hana mu zuwa asibiti don zazzaɓi, me ya sa za ta hana mu don damuwa?

Wani zai ce ai iyayen mu sun sha wahalar da ta fi ta 'yan jami'a, ba su kuma nemi likitan ƙwaƙwalwa ba. Gaskiya ne. Sai dai manomin Gagarawa idan damina ta ƙi, shi da maƙwabtan sa ta ƙi wa, a dandali ɗaya za su zauna su jajanta wa juna. Shi kuwa ɗalibin da ya bar Gumel ya tafi Dutse, Kafin Hausa ko Kano, shi kaɗai ya ke ɗauke da burin dangi gaba ɗaya, kuma ya na jin kunyar a san ya gaza. Ga yunwa, ga cunkoson ɗaki, ga yajin aiki irin na 2022 da ya cinye wata 8. Wasu a nan su ke faɗawa shan tiramol da kodin, mu kuma mu kira su 'yan iska ba tare da mun tambayi mafarin abin ba.

Mu 'yan kallo da marubuta da 'yan fim ma mu na da namu laifin. A finafinan mu da littattafan mu, mai taɓin hankali shi ne mai tsumma da duƙu-duƙun gashi, yara na jifan sa, 'yan kallo na dariya. Yaron da ya taso da wannan hoton, ta yaya zai buɗe baki ya ce kan sa ba daidai ba? Da ya ji an ambaci asibitin Dawanau ko na Kazaure sai gaban sa ya faɗi, ya gwammace ya yi shiru.

Doka kam ta canja. A watan Janairu 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta mahaukata ta 1958. Ɗalibai kuma su na biyan kuɗin asibiti a cikin rajista, saboda haka haƙƙin su ne a sami wanda zai saurare su a asirce a asibitin makaranta, ba a miƙa masu farasitamol kawai ba. Amma doka ba za ta ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin ɗalibi ba. Tun 1954 Dakta Adeoye Lambo ya gwada a Aro, kusa da Abeokuta, cewa majinyaci ya fi samun sauƙi idan ya na zaune cikin jama'a tare da ɗan'uwan sa, likita kuma na duba shi. Mu da mu ke taƙama da zumunci ai mu ya kamata mu fi kowa gane wannan.

Yaron nan da na faɗa, ƙanwar mahaifiyar sa ce ta zauna da shi wani dare ta ce, "Ɗana, gaya mani gaskiya, ko me ne ne ba zan yi faɗa ba." Ya fashe da kuka ya faɗi komai. Ita ta lallashi uban, aka kai shi ya ga likita, ya sha magani na wasu watanni, ya koma ya maimaita darussan sa.

Saboda haka idan ɗan ka ko ƙanen ka ya dawo hutu ka ga ya canja, kafin ka tambaye shi sakamako, tambaye shi ko ya na samun barci. Ka saurare shi har ya gama, ka raka shi asibiti idan ta kama, sannan ka ce masa ya yi haƙuri. Allah ya ba marasa lafiyar mu lafiya, amin.