Wayar Kawu da Ma'aunin Nagarta

Da na kammala digiri, kyautar farko da na yi wa kawuna, manomin albasa a Aliero, ita ce babbar waya mai kyamara uku, wadda ke buɗewa da zanen yatsa. Bayan mako biyu ya mayar mini da ita. Ƙotar fartanya ta cinye zanen yatsunsa, wayar ta ƙi gane shi. Idan rana ta take, fuskarta ba ta ganuwa. Ranar da dillali ya neme shi daga kasuwar Jega, cajinta ya ƙare tun kafin azahar, cinikin ya faɗa hannun wani. Sai ya koma wa tsohuwarsa mai madannai, wadda kan kwana uku ba ta nemi caji ba.

Da farko na ɗora laifin a kan ƙarancin bokonsa. Daga baya na tambayi kaina: da me ake auna nagartar kayan aiki? Da yawan abin da yake iyawa, ko da biyan buƙatar mai riƙe da shi? Masu ɗorin Aliero sun yi suna har wajen jihar Kebbi, alhali kayan aikinsu kaɗan ne. Wanda ya karye ba ya ƙirga kayan, tafiya yake so ya sake yi.

Hukuncin nan ya shafe ni. Ni na zaɓi wayar don ta burge ni, ban tambayi kawu buƙatarsa ba. Ilimin da na kwaso daga jami'a ma, ranar da ya kasa amfanar mutanen garinmu, mayar mini da shi za su yi.